Yadda Ake Ƙirƙirar Mutum Naka na Kanka a Gem ɗin The Sims 4

Kamfanin Maxis ne ya ƙera The Sims 4, gem ɗin da ake ƙera mutane a riƙa tafiyar da rayuwarsu, kamfanin EA ya fitar da shi a watan Satumba na 2014, kuma tun ranar 18 ga Oktoba 2022 ainihin gem ɗin ya zama kyauta a kwamfuta da PlayStation da Xbox. Sauke shi yana cin data ba kaɗan ba, gara ka nemi wurin da ke da intanet mai ƙarfi. Da zarar ka buɗe sabon wasa, inda zai fara kai ka shi ne sashen da ake kira Create a Sim, wato ɗakin da ake ƙera mutanen gem ɗin. A nan ne yawancin sababbin 'yan wasa suke ɓata sa'o'i suna jan hanci da baki, a ƙarshe su fito da kyakkyawar fuska wadda ba ta kama da kowa, ba kuma mai iya tuna ta gobe. Hanyar da ke ƙasa ita ce wadda nake ganin ta fi fitar da mutum mai rai.

Mataki na farko: san ko wane ne kafin ka taɓa fuskarsa

Ɗauki takarda ka rubuta layi uku. Me yake yi a rayuwa, me yake nema, kuma wane hali ne yake jawo masa rigima da mutane? Ga misalin da za mu bi har ƙarshe: Talatu, mace ce da ta haura talatin, tana dafa abinci, burinta ta zama gwanar da ake jin sunanta, amma tana da saurin fushi idan aka taɓa mata tukunya. Wannan ya isa. Duk wani zaɓi da za ka yi daga baya, na gira ne ko na takalmi, sai ka tambayi kanka ko ya dace da waɗannan layuka uku.

Mataki na biyu: suna, shekaru, murya da tafiya

A gefen hagu na sama za ka sa suna, ka zaɓi namiji ko mace, ka zaɓi matakin rayuwa, tun daga jariri har tsoho. Akwai muryoyi da za ka saurara, da ɗan layin da ake ja don a ƙara wa muryar kauri ko a sirantar da ita. Kada ka tsallake zaɓin tafiya. Akwai ta taƙama, akwai ta yanga, akwai ta mai ji da ƙarfi, akwai ta kasala. A cikin wasa daga nesa za ka riƙa hango mutuminka, kuma tafiyarsa ce za ka fara ganewa kafin fuskarsa.

Mataki na uku: jiki da launin fata

Magini ba ya shafe sai ya gama ɗora bulo, don haka jiki ne farko, kwalliya daga baya. Akwai layuka biyu da ake ja, ɗaya na ƙiba ɗaya na ƙwanji. Bayan su kana iya kama kafaɗa ko ciki ko ƙugu ko cinya da linzamin kwamfuta ka ja kai tsaye. Ka sani cewa gem ɗin ba ya ba da damar canza tsawo: duk manya tsayinsu ɗaya ne. Idan kana son mutum ya yi kama da dogo, rage faɗin kafaɗa ka sirantar da gaɓoɓi. Idan kakkaura kake so, faɗaɗa ƙirji da wuya.

Launin fata kuwa yana da tarihi. Shekaru da dama baƙaƙen 'yan wasa suna kukan cewa launukan fata masu duhu suna fitowa kamar an shafa toka, har wasu suka riƙa ƙera nasu suna rabawa. A watan Disamba na 2020 aka ƙara launuka sama da 100, aka kasa su gida-gida: masu ɗumi, masu sanyi, da na tsaka-tsaki, kowanne da layin da ake ja a ƙara duhu ko haske. Mai son ƙera baƙin mutum ko wankan tarwaɗa ya fara gwada masu ɗumi, domin su ne ke da ɗan ja-ja a ƙarƙashi. Kada ka ɗauki mai haske ka ja shi zuwa ƙarshen duhu. Zaɓi wanda ya riga ya yi kusa da abin da ke ranka, sannan ka gyara kaɗan.

Mataki na huɗu: fuska

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya kamata ka zauna da haƙuri. Danna fuskar mutumin, kyamara za ta matso. Fara da zaɓen siffar kai daga cikin waɗanda aka tanada, sannan ka bi wannan jeri: muƙamuƙi da haɓa, ƙashin kunci, goshi, hanci, idanu, baki, kunne. Dalilin jerin shi ne idan ka gama ido da baki sannan ka faɗaɗa muƙamuƙi, tazarar komai za ta canza, ka koma baya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne abin da jan linzami yake yi ya danganta da inda mutumin ya fuskanta. Idan yana kallonka, jan hanci zai faɗaɗa shi ko ya ɗaga shi sama. Sai ka juya shi gefe ne za ka iya turo karan hancin gaba, ko ka fito da haɓa, ko ka tura goshi ciki. Fuskar da aka ƙera daga gaba kawai takan zama shafaffiya idan ta juya. Saboda haka kowane sashe ka gyara shi sau biyu, gaba da gefe.

Akwai kuma wani maɓalli mai suna Detail Edit Mode, wanda ke buɗe ƙananan wurare: ƙofar hanci, kusurwar ido, leɓen sama daban da na ƙasa, girman ƙwayar ido. Shiga nan bayan ka gama manyan sassa. Ja kaɗan-kaɗan, idan ya ɓaci akwai kibiyar komawa baya a ƙasan allon.

Shawarata mafi muhimmanci ita ce ka zaɓi abu ɗaya da zai zama alamar mutumin, ka bar sauran su zama na kowa. Talatu za ta samu gira mai kauri wadda ta ɗan sauko wajen hanci, ta yadda ko tana murmushi za a ga alamar ba ta ɗaukar raini. Wani kuma wushirya za ka ba shi a sashen haƙora, wani tawadar Allah a kunci, wani tamoji a goshi. Idan ka haɗa manyan idanu da siririn hanci da cikakken leɓe duk a fuska guda, ka dawo ga fuskar nan da ba mai tuna ta.

Mataki na biyar: gashi da tufafi

Akwai kitso iri-iri da gashi mai murɗe. A sabuntawar watan Satumba na 2019, lokacin cikar gem ɗin shekara biyar, an ƙara hijabi da hular saƙa da dogayen riguna. Amma ga inda ake tuntuɓe: tufafi kashi-kashi ne, na yau da kullum, na taro, na motsa jiki, na barci, na biki, na ninkaya, kuma kowane kashi yana ɗaukar shiga har biyar. Gem ɗin yana cike waɗanda ba ka duba ba da abin da ya ga dama. Idan ka sa wa Talatu hijabi a kayan yau da kullum kaɗai, ranar da aka gayyace ta biki za ta fita kai ba ɗankwali. Bi kowane kashi ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma tsayar mata da launi biyu ko uku da za su riƙa maimaituwa a duk kayanta.

Mataki na shida: hali da buri

Babba yana ɗaukar halaye uku, matashi biyu, yaro ɗaya, sannan burin da ka zaɓa yana ƙara wani hali na kyauta. Waɗannan ba ado ba ne, su ne ke tafiyar da wasan. Ga Talatu, burin Master Chef, wato zama gwanar girki, sai halin Perfectionist, wanda ke sa ta daɗe a kan aiki amma ya fito da inganci, da Hot-Headed, wanda ke sa ta hasala haka kawai, da Family-Oriented don ta kasance mai son 'yan uwa. Gem ɗin ba zai bari ka haɗa halaye masu karo da juna ba, kamar rago da mai kazar-kazar. Ka tabbata ɗaya daga cikin ukun aibi ne. Mutumin da duk halayensa na kirki ne ba abin da zai faru da shi da zai sa ka zauna kana kallo.

Mataki na bakwai: adana, ka gwada a cikin wasa

Adana gidan, wato mutumin ko mutanen da ka ƙera, a ma'ajiyarka ta cikin gem ɗin kafin ka fita. Hasken ɗakin ƙira ya bambanta da na cikin gari, don haka ka duba mutumin da rana, ka duba shi da dare a cikin ɗaki, musamman launin fata da na kwalliya. Madubi ko akwatin kaya na cikin gida zai ba ka damar canza gashi da tufafi, amma ba siffar fuska ba. Idan ita kake son gyarawa, danna Ctrl da Shift da C tare a kwamfuta, a wurin rubutun da zai buɗe ka rubuta testingcheats true, sannan cas.fulleditmode. Daga nan riƙe Shift ka danna mutumin, ka zaɓi Modify in CAS (CAS shi ne Create a Sim), komai zai buɗe.

Idan kana son yi wa Talatu ƙanwa ko ɗa, kada ka fara daga tushe. Wajen ƙara mutum a gidan akwai zaɓin Play with Genetics, wanda zai fitar da ɗan uwa mai kama da ita, ka gyara abin da ya rage da hannu. Gida ɗaya yana ɗaukar mutum takwas.