Kafin ka biya kuɗin jita, ka zauna da ita a cinya

Duk inda makaɗa jita suka haɗu, gardamar ba ta wuce ta waje ko ta gida. Wasu sun rantse hannunsu ba zai taɓa aikin kafinta ba, sai Yamaha ko Fender. Wasu su ce ai ta waje ba ta san iskar Arewa ba. Na zauna a kowane ɓangare, aljihuna ne ya raba min gardamar.

Jitata ta biyu 'yar gwanjo ce daga Turai, fuskarta katako guda ne. Da damina na saye ta, sautinta har cikin ƙashi. Wata safiya cikin Janairu na zuge jaka na tarar ta tsage tun daga jakin da tsirkiya ke hawa har gindi. Irin wannan jita tana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a Kano kuwa in hunturu ya kankama yakan faɗi ƙasa da 20. Katako ya bushe, ya tsuke, ya fashe. Don haka in a Arewa kake zaune, kuma wannan ce jitarka ta farko, nemi wadda aka yi da katako falle-falle a manne, irin Yamaha F310, ko C40 mai tsirkiyar roba. Muryarsu ba ta kai ta katako guda zurfi ba, amma suna ganin hunturu goma suna nan.

Kada sunan da ke rubuce a kan jita ya ruɗe ka. Jabu sun cika kasuwa, kuma ko ta gaske ce, yawancin masu sauƙin kuɗi a Indonesiya ko Sin ake ƙera su, ba Amurka ko Japan ba. Wuya za ka fara dubawa. Ɗaga ta, ka sa ido ɗaya daga kai ka hango gindi, yadda kafinta ke duba miƙewar katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi, amma in wuyan ya murɗe gefe, ajiye ta ka yi gaba, ko kyauta ce. Sai ka ƙirga ƙarafunan da ke gicciye a wuya zuwa na 12, ka zura katin ATM uku a haɗe tsakanin ƙarfen da tsirkiya mafi kauri. Kaurinsu ya ɗan haura milimita 2. In sun shiga daidai, madalla. In har da sauran wurin kati biyu, yatsunka za su yi kanta kafin ka iya waƙa ɗaya.

Yanzu ta gida. Ni ba na raina ta. Maɗaci da muke zama a inuwarsa ɗan'uwan katakon da kamfanonin waje ke saye daga Afirka ne suna kira mahogani, kuma wanda ya ƙera maka yana nan kusa, in ta ɓaci ka mayar masa. Inda masu ƙerawa suka fi tuntuɓe shi ne jeren ƙarafunan wuya, domin lissafi ne, ba a yinsa da ido. Je da tef ɗin tela. Auna tsirkiya daga inda ta tashi a kai zuwa jaki. In santimita 65 ce, ƙarfe na 12 ya faɗo a 32 da rabi. Kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a wurin: murya ɗaya ya kamata ka ji, sai dai ta biyun ta fi siriri. In sun saɓa, duk iya ɗaurinka ba za ta daidaita ba. Ka kuma tambayi maigidan ko ya sa sandar ƙarfe a cikin wuyan, da tsawon lokacin da katakon ya yi yana bushewa. In ya ce makon jiya aka sare, yi masa sallama cikin mutunci.

Masu siffar ban mamaki su ne ke cin kuɗin samari. Flying V da Gibson ya fitar a 1958, mai ƙafa biyu kamar an buɗe almakashi, a tsaye aka yi ta a kaɗa. Mu da rabin kiɗanmu a kan tabarma ne, ba ta da inda za ta zauna a cinya. Ovation mai baya kamar ƙwarya kuwa, sa shadda mai sitati ka rungume ta, ka ga yadda za ta riƙa sulalewa. Marasa kai irin Steinberger suna da daɗin tafiya, amma tsirkiyarsu mai ƙulli biyu ce, ranar da ɗaya ta tsinke sai ka jira mai zuwa daga waje. Ba wai baƙuwar siffa ce aibi ba. Mdou Moctar na Nijar, bahago, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuntigin Ɗan Maraya Jos kuma cikinsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata. Abin da nake cewa, zauna yadda ka saba zama, ka riƙe ta minti goma a shagon. In kafaɗarka ta fara ƙorafi, ba taka ba ce.

In ka riga ka sayi mai katako guda, samu gidan sabulu na roba, ka huhhuda murfin, ka jiƙa soso ka matse shi sosai ka sa ciki, ka ajiye a cikin jakar tun daga Nuwamba. Duk kwana biyu ka taɓa soson. Kuma kada ka bar ta a but ɗin mota da rana, gam ɗin jaki ne zai fara saki.