Kurakuran da Sababbin Masu Horarwa Ke Yi da Bidiyo da Na'urorin Auna 'Yan Wasa

Na gaji da ganin abu ɗaya yana maimaituwa. Koci ya sami waya mai kyamara mai kyau, ko ƙungiya ta sayo rigunan GPS masu auna gudun ɗan wasa, irin na kamfanin Catapult ko STATSports, shi ke nan sai ya ɗauka aiki ya ƙare. Tun 2015 da hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta yarda a sa na'urorin bin diddigi a cikin wasa, kayan sun yawaita. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake faɗa wa ɗan wasa abin da na'urar ta gani.

Babban kuskure, wanda ni kaina na ɗanɗana kuɗarsa, shi ne gyara bayan kowane gwaji. Ina da wani yaro mai tsallen nisa, Allah ya ba shi baiwa. Duk tsallen da ya yi sai na ɗauke shi a bidiyo mai tafiyar hawainiya, hoto 240 a daƙiƙa ɗaya, yana fitowa daga yashi in tare shi da waya: ga ƙafarka ta wuce katako, ga kafaɗarka ta karkace, ga hannunka ya makara. A filin atisaye ya yi ta kyau har na riƙa yabon kaina. Ranar gasa babu waya, babu ni a kusa. Ya taka layi sau uku a jere, kuma bayan kowane tsalle sai ya ɗaga kai yana nemana a cikin 'yan kallo. Yaron bai san abin da jikinsa ke yi ba, don ban taɓa barinsa ya ji da kansa ba. Bai sake dawowa wurina ba, kuma ban ga laifinsa ba. Daga baya na karanta abin da masu bincike Salmoni da Schmidt da Walter suka bayyana tun 1984: gyaran da ya yi yawa yana zama sandar dogarawa, ranar da aka ɗauke ta mai koyo ya faɗi.

Yanzu ga yadda nake yi. Sai ɗan wasa ya yi gwaji huɗu ko biyar kafin in buɗe bidiyo. Kafin ya kalla ina tambayarsa, "Me ka ji a na ƙarshen nan?" In ya faɗa, sai mu duba tare. Gyara ɗaya tak nake bayarwa, sauran in haɗiye su zuwa gobe. Kuma na daina cewa "miƙe gwiwarka", sai in ce "tura ƙasa baya". Binciken Gabriele Wulf ya nuna mai koyo ya fi kama motsi idan hankalinsa yana kan abin da motsin zai haifar, ba kan gaɓar jikinsa ba.

Kuskure na biyu kuwa, don Allah ku daina! Wato jera sunayen 'yan wasa bisa yawan kilomitar da suka yi gudu, a watsa a zauren WhatsApp na ƙungiya. Wa ya ce maku ɗan baya na tsakiya zai yi gudun ɗan tsakiyar fili? Aikinsu ba ɗaya ba ne. Na ga yaro yana zagaye fili ba ƙwallo ba dalili, don kawai kada sunansa ya fito a ƙasa, ya bar gurbinsa a buɗe. Haka ma tsayar da bidiyon kuskuren mutum ɗaya a gaban kowa. Wanda ka kunyata ba ya jin gyara, kunyar kawai yake ji. Ka kira shi gefe, kuma ka auna shi da kansa na makon jiya.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata lissafi. Ƙa'idar nan ta cire shekarun mutum daga 220 don gano ƙololuwar bugun zuciya kintace ce kawai, tana iya kaucewa da bugu goma ko fiye. Agogon hannu mai auna bugun zuciya yana rikicewa a gudu mai tsanani, ni ɗamarar ƙirji nake amfani da ita. Kyamara a kafe ta a kan ƙafa, ta fuskanci ɗan wasa daga gefe sak, in ba haka ba kusurwar gwiwar da za ka auna a manhajar nazarin bidiyo ta Kinovea ƙarya ce. GPS ba ya aiki a cikin zaure mai rufi. Kada ka tura wa ɗan wasa bidiyon kurakuransa da daddare ana gobe wasa.

Akwai wani abu da babu rigar da ke auna shi. Rabin awa bayan atisaye nakan tambayi kowa wahalar da ya ji, daga 0 zuwa 10, in rubuta a littafi. In na'ura ta ce aikin yau mai sauƙi ne yaro kuma ya ce 8, maganar yaron nake bi, in tambaye shi barcinsa da abin da ke damunsa, in rage masa nauyin gobe.