Kurakuran da Ake Yi da Farantin Lambar Casis da ta Fenti na Tsofaffin Motoci

Ɓarna mafi yawa a wurin mai fenti ake yin ta. An kawo tsohuwar Marsandi W123, irin wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, sai yaron shago ya bi ɗan farantin alminiyom da ke gaban inji, saman lagireto, da samfefa, ko a feshe shi da fenti gaba ɗaya. Alhali a jikinsa lambar kalar motar take: 040 baƙi ne, 904 shuɗi mai duhu. Kafin a soma aiki ka ɗauki hotonsa da waya, ka sa a liƙe shi da salatif. In har fenti ya riga ya hau, a goge da tsumma da ɗan tina a hankali, kada a kusance shi da burushin ƙarfe.

Wasu kuma ɓalle farantin suke yi wai don aiki ya yi tsaf, daga baya a mayar da shi da sababbin ƙusoshi. Duk mai saye da ya san mota, da ya ga haka zai fara zargin an sauya mata lamba, jami'in kwastan ma haka. Bar shi inda kamfani ya kafa shi.

Sai dogaro da faranti shi kaɗai. Faranti ana iya ciro shi daga wata mota, lambar da aka buga a jikin ƙarfe ita ce shaida. A Volkswagen Beetle farantin yana gaba, wajen safaya taya, lambar casis kuwa tana ƙarƙashin kujerar baya. Ɗaga kujerar, ka gwada su biyun da takardu. Kuma in ka ƙirga haruffa da lambobin da ke cikin lambar casis ba ka samu 17 ba, kada hankalinka ya tashi: daga 1981 wannan tsari ya kankama, motocin da suka girme shi lambarsu ta fi gajarta.

Ko ka samu lambar kala daidai, kada ka ce a haɗa galan guda nan take. Motar da ta sha rana shekara 40 ta koɗe, sabon fenti zai fita daban kamar faci a tsohuwar riga. A fesa kaɗan a gutsuren ƙarfe tukuna, a kara shi da jikin ƙofa a hasken rana, sannan a gyara haɗin.