Yadda za ka taimaki shukarka in ƙasar gona ta sha gubar dalma da ire-irenta

Masu lambu a bakin Jakara da Challawa, da ku nake musamman, don ruwan da ke gangarowa daga masana'antun jima da rini na Bompai da Sharaɗa yana tafe da ƙarafa masu guba irin su kuromiyam da dalma da kadmiyam, kuma su ba sa ruɓewa kamar taki, in sun shiga ƙasa sun zauna kenan. Kowa ya ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. To gona wa zai iya kankare ta? Dabarar kawai ka ɗaure gubar a ƙasa kar saiwa ta zuƙe ta.

Fara da gwaji, ɗebo ƙasa daga wuri biyar ko shida a gonar ka gauraya ka kai sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero (BUK) ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ka ce a duba tsaminta ma. Nan maganar take wallahi, ƙasa mai tsami ita ke narkar da gubar ta miƙa wa shuka, in tsamin ya yi yawa a zuba farar ƙasa ko toka har awon tsamin, wato pH, wanda ke hawa in tsami ya ragu, ya kai wajen 6.5 zuwa 7, amma kar ka zuba da ka, in ya zarce shukar ce za ta koma ruwan ɗorawa. Sai takin gargajiya da ya ruɓe sosai, da gawayin ɓuntun shinkafa dakakke, suna riƙe gubar gam. Takin bola kam bar shi, batir nawa ne a ciki?

Sannan abin da za ka shuka. Latas da alayyahu da karas sun fi kwasar gubar, gara tumatir, tattasai, kuɓewa ko masara. In dole sai ganye, cika buhu da ƙasa mai kyau ka shuka a ciki.

Duk wannan banza ne in kana ci gaba da ban ruwa da baƙin ruwan nan, ku haɗa kuɗi ku haƙa rijiya nesa da rafin, ita ma a gwada ta. Ganye da karan gonar kuma kar a ba dabbobi, kayan da aka tsinko a wanke da ruwa mai tsabta kafin a kai kasuwa, yara ƙanana kuma kar a bar su suna wasa da ƙasar wajen.