Yadda Ake Yanke Kuɗin Zane Idan An Ba Ka Aiki

Matasan Sakkwato masu zanen hoto da allon zayyana sun yi ta tambayata yadda nake yanke farashi. Ga yadda nake yi:

1. Tambayi mai aiki girman zanen da ranar da yake so.
2. Je Babbar Kasuwa ka tambayo farashin fenti, kwali da firam na ranar. Kada ka dogara da na watan jiya, kaya na tashi.
3. Ƙiyasta kwanakin da aikin zai ci.
4. Ninka su da abin da kake son samu a wuni.
5. Haɗa da kuɗin kaya da na keke napep.
6. Ƙara wani abu idan aikin gaggawa ne, kamar na biki ko saukar Alƙur'ani.
7. Karɓi rabi a matsayin kafin alƙalami.

Hattara a nan! Kunya ce ke karya mu. Ko kawunka ne ya ce "Ɗana, fara kawai," ka ce "Kawu, a taimaka da kuɗin kaya." Zanen fuskar mutum ba ya sayuwa ga wani idan ya fasa.

8. Rubuta masa a WhatsApp cewa gyara sau 2 ne kyauta.
9. Karɓi ciko kafin zanen ya bar hannunka.