Kurakuran da ake ta maimaitawa idan tsohuwar mota ta daina caji

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Yaro ya gaji Fijo 504 ɗin babansa, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, ko ya samo tsohuwar Bosuwaja Bitil ya yi mata fenti ta fito tsaf, sai a wayi gari mota ta ƙi tashi, abin da zai fara yi shi ne ya ruga kasuwa ya sayo sabon batir, ba a jima ba shi ma ya kwanta, ya koma ya sayo katawut mai daidaita ƙarfin caji, daga nan altaneta mai samar da cajin, kuɗi na ta zurarewa alhali ko sau ɗaya bai ɗora mitar auna volt a kan batirin ba. Mitar nan fa ko kuɗin rabin tankin mai ba ta kai ba.

To ga abin da za ka fara yi kafin ka taɓa sifana. Mota a kashe, ta kwana ko ta huta sosai, lafiyayyen batir zai nuna wajen volt 12.6, in ka ga 12.2 to rabin caji ne da shi. Ka tada inji ka ɗan taka totur, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ya tsaya a 12 da wani abu, ba ta caji. In ya haura 15 yana ta hawa, caji ya yi yawa, shi ne za ka ji batir na warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwansa na ƙarewa, ƙwan fitila na yawan ƙonewa. Sannan ka kunna fitilun gaba da duk abin da ke cin wuta ka sake dubawa. Wannan kaɗai ya raba maka hanya biyu: ko matsalar daga caji take, ko ba daga caji ba.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona min rai, cire kan batir inji na aiki wai don a ga ko altaneta na caji. Don Allah don Annabi ku daina. Ni an taɓa yi min shi a 504 ɗina, na kai ta wajen wani mai rewaya saboda fitila na dishi-dishi da dare, ina can gefe ina amsa waya yaronsa ya zare kan batir, ya kuma taka totur har ƙasa wai ya tabbatar. Na ce kai me ka yi haka, ya ce Alhaji ai haka muke gwadawa, ka ga ba ta mutu ba, caji lafiya lau. Kafin in isa gida rediyo ta mutu, washegari batir ya kwana babu komai a ciki, da aka buɗe altanetar diyod, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ya ƙone, ga katawut na lantarki da na sa bai daɗe ba shi ma ya tafi. Kuma matsalar asali ashe fambel ne ya saki. Abin da za a ɗaure da sifana ɗaya ya ja min sayen kaya kusan gaba ɗaya, har yau in na tuna raina na ɓaci.

Dalilin shi ne batir ba ajiyar wuta kaɗai yake yi ba, shi ke shanye duk tsallen da wuta za ta yi. Da ka zare shi altaneta na cikin aiki, wutar da take turawa ta rasa inda za ta, nan take sai ta yi sama ta ninka 12 sau da yawa kafin katawut ya farga, kuma diyod ba ya jure wannan. Ƙari a kan haka gwajin ma ƙarya yake yi maka, don altanetar da ta kusa mutuwa tana iya riƙe inji a kunne tunda kwayil ba ya cin wuta sosai, amma ba za ta iya cika batir ba. Al'adar ta samo asali ne tun zamanin dainamo da ba shi da diyod, iyayen gidanmu suka saba, yara suka gada ba tare da tambaya ba. Haka ma masu tada mota da batirin aro sannan su zare su mayar da nasu inji na aiki, duk kanwar ja ce. Ka sayi wayar jona batir ka ajiye a but.

Na biyu, ɗora wa katawut laifin da ba nasa ba. A irin waɗannan motoci da katawut ke waje, manne da jikin mota, da jikinsa yake samun at (hanyar da wuta ke komawa nagetif), wato ta kusoshin da suka ɗaure shi. Mota ta shekara arba'in, tsatsa ta ci wajen, ko mai fenti ya fesa fenti ya rufe ƙarfen, sai katawut ya riƙa ganin wuta ƙasa da yadda take, ya yi ta sakar wa altaneta linzami, batir na tafasa. Ka sa sabo a kan tsatsar nan, shi ma haka zai yi, sai ka ce jabu aka sayar maka. Haba jama'a! Ni abin da nake yi, in kwance shi, in goge wajen da samfefa har ƙarfe ya yi fari, sannan in ja waya daban daga jikin katawut zuwa jikin altaneta. Wasu masu gyara na cewa ɓata waya ne, ni dai tun da na fara ban sake ganin wannan matsalar ba.

Kuma ka gwada wayoyin kansu, inji na aiki fitilu a kunne. Bakin mita ɗaya a jikin altaneta, ɗaya a kan batir na nagetif, bai kamata ka ga fiye da 0.2 zuwa 0.3 ba. Daga babbar kusar altaneta zuwa kan fozitif kada ya wuce 0.5. In ya wuce, wuta na ɓacewa a hanya, galibi a kitsattsiyar wayar at da ta haɗa inji da bodi, wadda makanikai ke mantawa su mayar bayan sun sauke giya ko inji. Sau da yawa na ga an la'anci altaneta mai lafiya saboda wannan 'yar wayar.

Masu Bosuwaja ku matso. Bitil ta yi amfani da volt 6 har zuwa wajen 1967, kuma dainamo ne a cikinta har farkon shekarun 1970 kafin altaneta ta shigo, don haka ka fara sanin me ke cikin taka kafin ka sayi komai. Dainamo ba ya caji sosai a sulo, in jar fitilar caji ta ɗan haska a sulo ta mutu da ka taka totur, wannan ba ciwo ba ne. Amma in ta kama kana cikin tafiya, ka tsaya nan take, domin fambel ɗin da ke juya dainamo shi ke juya fankar da ke sanyaya inji, kuma injin nan ba ruwa gare shi ba, 'yan mintoci sun isa ya ƙone. Sannan duk dainamon da ya daɗe a ajiye ko aka yi masa sabon naɗi sai an nuna masa hanyar wuta kafin a tada. A na Bosch, ka sauke fambel, ka cire wayoyin katawut, ka haɗa kusar dainamon da aka rubuta wa DF da at, ka ɗan taɓa fozitif a wadda aka rubuta wa D+ na daƙiƙa kaɗan, za ka ga ya juya da kansa. Na Lucas da ke cikin tsofaffin Landiroba ba haka ake masa ba, shi kusar F ake ɗan taɓawa. Kada ka cakuɗa su, katawut ne zai biya.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Ƙwan fitilar caji a dashbod, a altanetar Bosch irin ta Marsandi 200 da 230, ta cikinsa wutar farko ke bi ta tada caji, in ya ƙone ko ka maye shi da LED don ado, mota na iya ƙin caji sai an taka totur da ƙarfi. A Marsandin nan dai, kabon da katawut abu ɗaya ne mai kusa biyu a bayan altaneta, in kabon ya cinye ya kai wajen milimita 5 ka canza shi kaɗai, ba sai ka sayi altaneta ba. Fambel ka danna da yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya, in ka ɗaure shi tamau kuma boris zai tafi. Batir ruwan batir zalla ake ƙara masa, ba asid ba. Mai walda zai taɓa motarka, cire kan batir tukuna, inji a kashe.

Sai masu buɗe murfin katawut na da, su riƙa lanƙwasa sifirin da filaya suna cewa suna ƙara caji, babu mita babu komai. Wannan ɗan sifirin shi ke yanke volt nawa mota za ta tsaya, lanƙwasa kaɗan na iya kai ka 16. In ya zama dole a taɓa, inji ya yi zafi tukuna, batir a cike, mita a manne, a motsa kaɗan a mayar da murfi a sake karantawa, don murfin kansa na iya canza lissafin.

In kuma mita ta nuna caji daidai amma batir na kwana babu wuta, kashe komai ka cire babbar wayar altaneta ka naɗe bakinta da tef ka bar mota ta kwana. In da safe ta tashi garau, diyod ne ke zubar da wuta ta baya, a kai altanetar a canza farantin diyod ɗin. In har yanzu ta mutu, to ka bi fiyus ɗaya bayan ɗaya, kuma ka fara da wayar rediyon da aka jona daga baya.