Babi na 6: Ciyar da Wanda Ɓarin Jikinsa Ya Shanye

Darasi na 1

Ɗora yatsa a maƙogwaronka. Haɗiye yawu. Ka ji ƙashin wuya ya hau ya sauko? Madalla. Umarnin wannan motsi daga ƙwaƙwalwa ya zo. Jijiyoyin saƙo 12 ke fitowa daga kowane gefenta, 5 daga ciki su ne manyan masu aikin haɗiya: ta tauna, ta leɓe da kumatu, ta harshe, da biyu na maƙogwaro. Cibiyarsu tana gindin ƙwaƙwalwa, daidai ƙeya, inda ta haɗu da laka. Ita ke tsayar da numfashi na ɗan lokaci, ta sa wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska, loma ta bi hanyar ciki.

Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, wato abin da ke shanye ɓarin jiki, saƙon sai ya makara, ko ya yanke. Murfin bai rufe a kan lokaci ba, ruwa ya gangara huhu. Wani zai ƙware ya yi tari. Wani ko tari ba zai yi ba, don jijiyar da ke jin abu ya kauce hanya ta taɓu. Wannan ya fi haɗari, shi ke kawo nimoniya.

Darasi na 2

Kafin cokali ya taɓa bakinsa, a zaunar da shi. Ba kishingiɗa ba, zama sosai, baya a miƙe, matashi a bayansa, kai a tsaye ba a ɗage ba. Karanta kuma da ƙarfi: a zaunar da shi. Yawwa, sannu da ƙoƙari.

Ko magani ne, a zaunar da shi. Ko zamzam ne ko rubutu, a zaunar da shi. Idan yana gyangyaɗi, a bari sai ya wartsake. A nan jama'a ke faɗuwa, ni kuma na gaji da gani: Baba na kwance a tabarma, an ɗaga masa kai, ana ɗura masa ruwa da kofi wai tausayi. Haba jama'a! Wannan ɗura ba tausayi ba ne. A zaunar da shi.

Sai a ba shi rabin ƙaramin cokali. A kalli ƙashin wuya ya hau ya sauko. A ce, “Baba, ka ce aa.” Idan muryar ta fito da gargara kamar mai kurkure baki, a dakata. A leƙa kuncin ɓangaren da ya shanye, can abinci ke maƙalewa. Bayan ya gama, ya ci gaba da zama na minti 30.

Darasi na 3

Tsinkakken ruwa ya fi saurin ƙwarar da shi. Koko mai kauri ya fi sauƙi. Fura sai an dama ta babu gudaji. A riƙa wanke masa baki.

Darasi na 4

Zazzaɓi, tari a kowace loma, ko rama: a kai shi asibiti, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Idan likita ya ce a sa robar hanci, wadda ake ba da abinci ta cikinta, a yarda. Da yawa haɗiyarsu na dawowa cikin makonni, lafiyayyen ɓangaren ƙwaƙwalwa na karɓar aikin.

Aiki: rubuta “a zaunar da shi” layi 5.